Gwaggo, Mai Gadin Robar Wuya

Daga wurin Allah muka zo, ga shi Gwaggo ta riga mu komawa. Ranar Talata ta cika, bayan azahar, a ɗakinta na gidan kakanninmu da ke Tsohon Birnin Gwari, damina ta yi tsakiya. Yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni ina 'yar shekara huɗu lokacin da ya rasu, ita ta yi mini makaranta, ita kuma ta ja ni zuwa aikin jinya, aikin da ta tsufa a cikinsa.

Mun zaci zaman makokin na dangi da maƙwabta ne kawai. Wanda ya san hanyarmu ya san ba a bin ta sai da ƙwaƙƙwaran dalili: ga ramuka, ga daji hagu da dama, ga fargabar abin da zai iya fitowa daga cikinsa. Sai ga shi ranar addu'ar uku Baffa, ƙanenta, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya leƙo cikin gida yana kirana.

"'Yata, fito ki gane mini mutanen nan. Ni dai ban san su ba, kuma tabarmi sun ƙare."

Bas guda ce cike da ma'aikatan jinya daga birni, wasu da hijabi, wasu da ɗankwali da gicciye a wuya. Wata dattijuwa 'yar kudancin Kaduna, wadda suka yi aiki tare da Gwaggo shekara da shekaru, ta zube a tsakar gida tana share hawaye da bakin zane. Ta ce, "Matar nan ta sa ni kuka ya fi a ƙirga, yau ga shi ta ƙara." Bayansu wani manomi ya iso daga Gayam a kan babur, ya goyo matarsa da buhun ɗanyar masara. Bai yi dogon bayani ba. Ya ja wuyan rigarsa ƙasa, ya nuna wa Baffa wani ɗan tabo da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya ce, "Ta nan ta tsare ni."

Na ƙarshe wani dattijo ne mai furfura da tabarau. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a gefen tabarma inda ƙasa ta jiƙe, aka yi aka yi ya matso ya ƙi. Na gane shi tun daga ƙofar zaure, don babban likita ne da muke miƙewa tsaye in ya shigo. Baffa ya tambaye shi, "Ranka ya daɗe, kai ma abokin aikinta ne?"

Ya ce, "Ni ne likitan da ta taɓa hana aiki a gaban jama'a. Abin da ya kawo ni ke nan."

Da baƙi suka watse, Baffa ya dube ni. "Ashe haka Yaya take? Mu nan mun ɗauka allura da wankin ciwo kawai take yi wa mutane." Wannan maganar ce ta zaunar da ni rubutu. In ƙanenta da suka sha nono ɗaya bai san wace ce ita ba, to 'ya'yanmu ko sunan aikin ba za su sani ba.

Gwaggo ta yi aikinta ne a wani babban asibiti a birni, a ɗakin da ake kwantar da waɗanda ciwonsu ya yi tsanani, masu numfashi da taimakon na'ura. Irin waɗannan marasa lafiya sau da yawa ƙananan jijiyoyin hannu ba sa isar su. Sai likita ya huda babbar jijiyar wuya, ya zura wata siririyar roba doguwa har bakinta ya kai daf da zuciya. Ta nan ake ba da ƙarin ruwa da jini da magunguna masu ƙarfi. Robar wuya muke ce mata. Tana ceton rai, wannan ba shakka. Amma duk ƙwayar cutar da ta samu hawa kanta, ba fata a gabanta, ba tsoka, cikin jini take faɗawa kai tsaye. Sai ka ga mutumin da ya tsallake tiyata, ya fara buɗe ido yana gane danginsa, ya kama rawar ɗari da zazzaɓi, kwana biyu uku a ce babu shi. A da, in haka ta faru, cewa ake yi ciwon ne ya dawo. Gwaggo ce mutum na farko da na ji ta ce, "Ba ciwon da ya zo da shi ba ne. Namu ne muka ba shi."

Ranar da aka tura ni ɗakin a matsayin sabuwar nas, ta tare ni a bakin ƙofa. A wurin aiki Mama kowa ke ce mata, ni ma haka ta ce in kira ta. Ta juya hannayena ciki da baya kamar mai sayen kaza, ta nuna mini wani bokiti mai famfo da ke girke a kan kujera, da sabulu a gefensa. Ita ta kawo shi, saboda famfon ɗakin ba kullum yake kawo ruwa ba, kuma ba ta yarda rashin ruwa ya zama hujjar kowa. Kafin ka taɓa mara lafiya ka wanke, bayan ka taɓa ka wanke, tsakanin gado da gado ka wanke.

Tana da wani ɗan teburi mai taya da ta shirya da kanta. Duk abin da ake bukata don sa robar yana kansa: hula, takunkumi, rigar tiyata, safar hannu, maganin goge fata, da babban ƙyalle tsaftatacce da za a lulluɓe mara lafiya da shi daga kai har ƙafa. Cewa take yi mutum ba ya tsallake ƙa'ida don mugunta, sai don abin da yake nema yana can wani ɗaki. In an goge wuyan da magani, sai an jira ya bushe da kansa, ba fifita, ba hurawa. In filastar da ta rufe wurin ta jiƙe ko ta ɗaga baki, a take za a canza, ba sai gobe ba.

Abin da ya fi fita a bakinta shi ne maganar goge bakin robar kafin a yi allura ta ciki. Mu matasa sai mu ɗan shafa auduga mai sifirit mu wuce. Ita kuwa sai ta ce, "Murza. Ki yi wa Annabi salati sau biyar a natse, hannunki na murzawa, sannan ki bari ya bushe." Ga 'yan uwanmu Kiristoci kuma ta ce, "Ke kuma yi addu'arki, amma ba ta mai sauri ba." Har yau in ka shiga ɗakin za ka ga leɓunan mutane suna motsi a gefen gado, baƙo ya ɗauka addu'a kawai ake yi wa mara lafiya.

Kowace safiya, in likitoci sun zo zagaye, tana tsaye a ƙarshen gado da hannu a baya. Sai sun gama Turancinsu kaf, ta jefa tambayarta guda: "Robar nan, yau ma yana bukatarta?" In an ce a bar ta ko za a bukata, sai ta ce, "Ko za a bukata ba dalili ba ne. In babu aikin da take yi, a cire masa ita yau."

Rigimarta da babban likita a kan manomin nan na Gayam ta faru, a shekarun da daji ya fara hana mutane noma. Yana banƙasa a gonarsa ta bakin daji aka harbe shi a ciki. 'Yan uwansa suka ɗauko shi a babur zuwa gari, daga nan a mota zuwa birni. An yi masa tiyata, an kawo mana shi da hantsi, ƙarin ruwa biyu na tafiya a hannuwansa, ana bukatar a sa masa robar wuya. Babban likita ya zo da ɗalibansa a bayansa. Ya wanke hannu, ya sa riga, ya sa safa. Yana daf da ɗaukar allura sai tabaransa ya zame, ya kai yatsa ya tura shi sama.

"Likita, dakata," in ji Gwaggo.

Ya tsayar da hannunsa, ta ci gaba.

"Ka taɓa tabarau. A canza safa."

Ya dube ta ta saman gilashin. "Sista, ke za ki koya mini aikina?"

"A'a, ranka ya daɗe. Hannunka ya fi na kowa a asibitin nan, shi ya sa nake so ya shiga da tsabta. Mutumin nan ruwa na shigarsa ta hannu biyu, zai iya jiran minti ɗaya. Da ba zai iya ba, da ni zan ce ka yi sauri."

Ya ce ta matsa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma matsa ba. Ta ɗauko sabuwar safa, ta yage takardarta, ta miƙa masa, ta tsaya tsakaninsa da gadon. Ni ina riƙe da kan mara lafiyar. Ban taɓa ganin nas ta yi wa likita haka ba, balle wannan. Ya tsaya yana kallon ta, ita tana kallon safar. Daga ƙarshe ya fizge safar da ke hannunsa ya jefar, ya sa sabuwar, ya yi aikinsa lafiya lau, ya fita.

Matar manomin kuwa, kwana biyu da faruwar haka, na kama ta ta kwance ƙullin wani garin magani da aka aiko mata daga ƙauye, ta kwaɓa da man shanu za ta shafa masa a wuya, daidai inda robar ta shiga. Na daka mata tsawa. Gwaggo ta zo ta janye ni gefe, ta durƙusa kusa da matar.

"Ƙanwata, wa ya ba ki maganin?"

"Surukata ce, Mama. Ta ce in shafa a inda aka huda."

"Allah Ya saka mata. Uwa ce, dole ta aiko da abin da take da shi. Amma wurin nan ko ni ba na taɓawa da hannu tsirara. Zo ki shafa masa a tafin ƙafa, in kin koma ki ce mata kin shafa, ba ki yi ƙarya ba."

Sannan ta kai ta wurin bokiti ta koya mata wanke hannu, har tsakanin yatsu. Ta ce, "Zan ba ki aiki. Mu muna da gadaje da yawa, ke naki ɗaya ne. Duk wanda ya zo zai taɓa robar nan, ko ni ce, ki tambaye shi ko ya wanke hannu." Matar ta riƙe aikin da gaske. Washegari babban likita ya zo zagaye, ya miƙa hannu zai duba filastar, sai wata siririyar murya ta fito daga gefen gado: "Baba, ka wanke?" Ɗalibansa suka sunkuyar da kai. Ya juya ya nufi bokitin. Kwana shida aka cire robar, mutumin ya koma gida da ƙafarsa.

Amma likitan bai haƙura ba. Ya kai ƙara cewa tana zubar wa likitoci mutunci a gaban ɗalibai da 'yan jinya, aka ɗauke ta aka mai da ita sashen da ake duba masu zuwa su koma. Ba ta yi gardama ba. Ta bar mana teburinta, ta ce, "Ku kula da shi." Mun kula na ɗan lokaci. Sannu a hankali aka fara aron kayan kai ba a mayarwa, bokiti ya kwana babu ruwa, tambayar safe ta ɓace don babu mai ƙarfin halin yin ta. Kafin watanni su yi nisa rawar ɗarin nan ta dawo ɗakin. Wata mai jego da muka yi ta fama da ita har ta fara tambayar jaririnta, ita ce ta tafi a hannun babban likitan. Da sakamakon gwajin jini ya fito, ƙwayar cutar da ke jininta ita ce a bakin robar.

Da ƙafarsa ya taka har inda Gwaggo take auna wa mutane jini. Ban ji abin da suka ce ba. Na dai san ranar Litinin ta dawo, shi kuma ya tara mu duka, likitoci da nas, ya ce, "Daga yau, duk wanda ya ga an tsallake ƙa'ida wajen sa robar nan, ya ce a dakata, kuma a dakata ɗin. Ko ni ne." Bayan haka muka riƙa yin wata da watanni ba mu ga irin zazzaɓin ba.

Ni ma ban tsira daga gare ta ba. Wata rana aiki ya yi mini yawa, na yi wa wani tsoho allura ta robar ban murza bakin ba. Ta gani. A gaban kowa ta karɓe sirinjin, ta ce in fita in zauna a waje sai na tuna inda nake. Sati biyu ban yi mata magana ba sai gaisuwa. Ana haka muka zo gida hutun sallah, ta ce in raka ta gonar kakanmu. Muka zauna a gindin ɗorawa, daji na can gabanmu kore shar. Ta daɗe tana wasa da wani tsinke kafin ta yi magana.

"An gaya miki haɗarin mota ne ya kashe babanki."

Na ce haka na sani. Motar masara ce ta kife da su a hanyar birni.

"Haɗarin bai kashe shi ba. Ɗakinmu aka kawo shi, ina ƙaramar nas. An yi masa aiki, ya farfaɗo. Ranar ta takwas ya sha kunu, ya ce in sayo miki takalmi in zan zo gida. Ranar ta tara ya kama rawar ɗari. Da muka ɗaga filastar wuyansa, wurin ya yi ja yana ruwa." Ta karya tsinken. "Lokacin babu wanda ya koya mana. Ni da kaina na yi masa allura ta robar nan ba sau ɗaya ba, da hannun da na taso da shi daga wani gado. Saboda ƙanena ne, na fi kowa taɓa shi. Ban sani ba ko hannuna ne, ko na wani. Kwanansa ne ya ƙare, na yarda. Amma Allah zai tambaye ni abin da na yi da sanin da na samu daga baya."

Ta miƙe ta kakkaɓe zanenta. "Tsohon da kika yi wa allura, shi ma yana da 'ya. Tashi mu tafi, hadari na haɗuwa." Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya.

Da ta yi ritaya an so ta zauna a birni, ta ce a'a, gida za ta koma. Ashe aikin bai ƙare ba. A shekarun da hanya ke rufewa kwana da kwanaki, zauren gidanmu ya zama wurin wanke ciwo. Wanda fartanya ta sara, wanda ya faɗi a babur yana gudun tsira, matar da aka sallamo da ɗinki a ciki, duk nan ake kawo su daga Saminaka ta kusa da mu da ƙauyukan bakin daji. Ta tafasa ruwa, ta tafasa almakashi, ta wanke, ta ɗaure. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfinta ba ta riƙe shi ko na yini ɗaya, sai ta sa Baffa ya nemo mota.

Ciwon zuciya ne ya kwantar da ita. Da na zo na ga ƙafafunta sun kumbura, numfashi na yi mata wuya, na ce mu tafi birni, zan samo mata gado a ɗakinmu. Ta girgiza kai. "Ɗiyata, ni da ke mun san abin da ke jikina. An duba ni, an gaya mini, ina shan abin da aka ba ni. Gadajen nan kaɗan ne. A bar wa wanda zai tashi."

Sati guda kafin rasuwarta, da hantsi, an ɗauke ruwa rana ta fito, ta ce in fitar da ita tsakar gida. Na shimfiɗa mata tabarma, na jingina ta da filo. Sai ta ce, "Aika a samo mini lalle."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Tun da na buɗe ido ban taɓa ganin lalle a hannun Gwaggo ba, ko ranar aurena. Ba zobe, ba awarwaro, farce kullum a yanke har ƙasa. Ban taɓa tambayar dalili ba, na ɗauka ba ta so ne.

Ta yi dariya har tari ya kama ta. "Wa ya ce miki ba na so? Ina budurwa babu wadda ta kai ni son lalle a unguwar nan. Amma yana rufe farce, ba ka ganin dattin da ke ƙarƙashi. Zobe kuma ruwa ba ya shiga bayansa." Ta miƙo mini hannayen, fatarsu duk ta tsattsage saboda sabulu da sifirit. "Yanzu ba sauran wanda zan taɓa. Sa mini."

Na kwaɓa, na ƙunsa mata, hannu da ƙafa, ina yi ina juya fuska don kada ta ga idona. Ta sa aka buɗe akwatinta aka ɗauko awarwaron azurfa na kakarmu, ta zura biyu a kowane hannu. Da aka kwance lallen da la'asar ya kama jawur. Ta ɗaga hannun sama tana juya shi a rana, awarwaron na ƙara, ta ce, "Kai, ashe har yanzu yana kama ni."

Ni na yi mata wanka tare da matar Baffa. Mun cire awarwaron, lallen kuwa da shi ta tafi.

Allah Ka yafe mata abin da ta sani da wanda ba ta sani ba, Ka yalwata mata makwanci, Ka haɗa ta da ƙanenta, mahaifina, a inda babu ciwo. Mu da muka rage, Ka ba mu ikon riƙe abin da ta bar mana.